Yadda na rubuta labarin kurkukun da ba shi da katanga

Shekara uku da 'yan watanni na ɗauka ina rubuta wannan littafi, kuma shekarar farko gaba ɗayanta ta tafi ne a kan wani labari da daga baya na ajiye shi a gefe. Abin da na ƙudurta tun farko shi ne ƙagaggen labarin kimiyya a kan wasu mutane da wata gwamnati ta zamani mai zuwa ta kora daga wannan duniya tamu zuwa wata duniya mai nisa da aka mayar gidan yari, inda za su sha uƙuba a hannun gandirobobi, su haɗa kai a asirce, su ƙera kumbo daga tarkacen ƙarafa, su gudo gida. Na rubuta babi 14 a kan wannan zubi, alƙalami yana gudu ba tangarɗa, sannan na kai wa malamin da ya koya mini kimiyya a sakandare, wanda a lokacin ya daɗe da yin ritaya, domin ya duba mini ko akwai kuskure a bayanin injunan.

Da na koma bayan mako biyu, bai taɓo zancen injuna ba. Tambayata ya yi: "Ɗana, mutum nawa ne a wannan duniya taka?" Na ce, "Dubu biyu ne, Malam." Sai ya jawo takarda ya fara rubuta lambobi yana yi mini bayani a hankali, kamar yadda ya saba a aji. Kafin wani abu ya kuɓuce wa jan da duniya irin tamu ke yi wa duk abin da ke kanta, sai ya kai gudun kilomita 11.2 a daƙiƙa ɗaya. Rokar Saturn V da ta kai 'yan sama jannati duniyar wata a 1969 tsayinta ya kai mita 110, nauyinta idan an cika ta ya kusa tan 2,900, kuma mafi yawan wannan nauyi makamashi ne da ke ƙonewa cikin 'yan mintuna. Ɗan akwatin da ya dawo da mutum uku gida bai kai tan 6 ba. Mutane wajen 400,000 ne suka yi wa Apollo, shirin zuwa duniyar watan, aiki, a ƙasar da ke da masana'antu da jami'o'i da baitulmali. Ya ajiye biro ya ce, "To, mutum dubu biyu masu jin yunwa, da guduma da ƙusa, ina za su?"

Na fita daga gidan jikina a sanyaye, kuma na yi kusan wata biyu ban buɗe rubutun ba. Amma tambayar ta ci gaba da yi mini aiki a zuciya ta hanyar da ban zata ba. Idan har tserewa ba za ta yiwu ba, to, gwamnatin da ta kori mutanen ba ta da bukatar katanga, ba ta da bukatar ƙofar ƙarfe, ba ta kuma da dalilin biyan gandiroba ko da ɗaya albashi. Ta sauke su kawai ta juya. Duniyar da kanta ita ce kurkukun, nauyin jikinsu shi ne mari. Gandirobobin nan da na ɓata babi bakwai ina ƙawata muguntarsu sai suka zama ba su da gurbi, kuma da na cire su na ga abin da suka daɗe suna tare mini: mutum dubu biyu da aka yanke wa hukunci, waɗanda babu mai tsaronsu, dole su yanke da kansu wanda zai riƙe mabuɗin rumbu da abin da za a yi wa wanda ya yi kisa. A nan littafin ya fara, sai na yage na farkon na kama sabon daftari.

Wannan karon na fara da lissafi kafin na rubuta jimla ɗaya. Tauraro mafi kusa da ranarmu, Proxima Centauri, haskensa yana ɗaukar shekara 4.2 kafin ya iso mu. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 yana gudun kusan kilomita 17 a daƙiƙa, kuma da can ya nufa, da sai ya shafe fiye da shekara 70,000 a hanya. Saboda haka na san cewa sai na nemi rangwame daga mai karatu, kuma na yanke cewa abu biyu kacal zan roƙa: jirgin da ke gudun kashi ɗaya cikin goma na gudun haske, da kuma hanyar sa mutum dogon barci ba tare da ya tsufa ba. Duk sauran abin da ke cikin littafin sai ya bi ƙa'idar da aka sani. Wannan takurawa ita ta ba ni mafi kyawun abin da ke cikin labarin, domin tafiyar ta zama ta shekara 42, wato wanda aka ɗaure shekara 7 wa'adinsa ya cika yana barci tun jirgin bai ci kashi ɗaya cikin biyar na hanya ba, kuma ranar da ya buɗe ido alƙalin da ya yanke masa hukunci ya daɗe a kabari. Saƙon rediyo ma ba ya wuce gudun haske, don haka wanda ya ɗaukaka ƙara sai ya jira fiye da shekara 8 kafin ya ji ko an karɓi takardarsa.

Sai kuma tambayar da ta fi wahalar da ni, wadda duk mai karatu mai hankali zai yi: wace gwamnati ce za ta kashe wannan dukiya a kan masu laifi, alhali gina kurkuku a gida ya fi araha nesa ba kusa ba? Ban sami amsar a littattafan kimiyya ba, a tarihi na same ta. Bayan Ingila ta rasa yankunanta na Amurka, inda take jibge fursunoni a da, gidajen yarinta sun cika har ta riƙa tsare mutane a tsofaffin jiragen ruwa a kogin Thames. A watan Mayu na 1787 jirage 11 suka tashi daga Portsmouth ɗauke da fursunoni fiye da 700, suka isa gaɓar Ostareliya a watan Janairu na 1788 bayan wata takwas a teku. Daga lokacin zuwa 1868 mutum wajen 162,000 aka kai can. Da na daɗe ina karanta labarinsu na gane cewa hukunci rabin manufar ne kawai. Sauran rabin shi ne a sami hannun da zai sare daji, ya fasa dutse, ya shimfiɗa hanya a wurin da ɗan halas mai 'yanci ba zai yarda ya je da farko ba. Fursuna shi ne wanda ake gwada ƙasa da shi. Na ɗauki wannan dalili kai tsaye na ba gwamnatin da ke cikin littafina: an tura korarrun ne su share wuri, su kafa injunan iska, su mutu a kan kurakuran farko, domin jirgin masu 'yanci da zai biyo baya ya tarar da gida a gyare.

Shekarun farko na Sidni, garin da aka fara zaunar da fursunonin a Ostareliya, sun koya mini yadda yunwa ke tsara al'umma. Irin da suka shuka bai yi albarka ba, jirgin Sirius da suke dogara da shi ya farfashe a tsibirin Norfolk a watan Maris na 1790, aka yi ta rage kason abinci har mutane suka kasa yin cikakken wuni a wurin aiki. Gwamna Arthur Phillip ya dage cewa kason soja da na fursuna ɗaya ne, abin da ya ɓata wa hafsoshi rai ƙwarai. Ayarin jirage na biyu da ya iso a watan Yuni na shekarar ya ƙara musu nauyi, domin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na fursunonin sun mutu a hanya, waɗanda suka sauka da rai kuma da yawansu ba sa iya tsayuwa. Dalili kuwa shi ne 'yan kwangilar an biya su ne a kan kowane kai da aka loda, ko ya isa ko bai isa ba. Na yi kwanaki wannan bayani yana damuna, kuma shi ya sa a babin farko na littafin akwatunan barci da yawa ba sa buɗewa, waɗanda suka farka kuma aikinsu na farko a sabuwar duniya shi ne haƙa rami. Daga Faransa kuma na aro wata doka. A yankinta na Giyana da ke Kudancin Amurka, inda ta riƙa kai fursunoni daga 1852 har na ƙarshensu suka bar wurin a 1953, dokar 1854 ta ce wanda aka ɗaure ƙasa da shekara 8 sai ya ƙara zama a yankin daidai tsawon wa'adinsa bayan an sake shi, wanda kuwa aka ɗaure shekara 8 ko fiye ba zai koma gida ba har abada. Wato a takarda an sake shi, a zahiri kuma yana nan inda yake, har ma ya rasa ɗan abincin da ake ba shi yana ɗaure.

Akwai abu ɗaya a wannan tarihi da na ƙi ɗauka, kuma na daɗe ina shawara da kaina a kansa. Ostareliya ba kufai ba ce lokacin da jiragen suka isa. Da mutanenta, kuma annobar agana da ta ɓarke a 1789 ta hallaka ɗimbin 'yan asalin yankin Sidni kafin ƙwacen ƙasa ya biyo baya. Na so in sanya wasu halittu masu hankali a duniyar littafina domin wannan zalunci ya fito, amma na ga cewa zancen ya fi ƙarfin ya zama reshe a labarin wasu, kuma mayar da mutanen gaske dodanni masu ƙaho cin fuska ne. Na bar duniyar babu kowa sai ƙananan halittun da ido ba ya gani.

Siffar duniyar kuwa daga binciken masana taurari na samo ta. A 2016 aka sanar da gano wata duniya da ke kewaya Proxima Centauri cikin kwana 11.2 kacal, a 2017 kuma aka sanar da duniyoyi bakwai da ke kewaya tauraron TRAPPIST-1, mai nisan tafiyar haske ta kusan shekara 40. Waɗannan taurari ƙanana ne jajaye marasa zafi sosai, don haka duniyar da za ta sami ɗumi sai ta matso kusa ƙwarai, kuma masana suna kyautata zaton cewa irin wannan kusanci yana sa duniya ta riƙa fuskantar tauraronta da gefe ɗaya har abada, kamar yadda wata ke nuna mana fuska ɗaya kullum. Gefe ɗaya rana ce da ba ta faɗuwa, ɗaya gefen dare ne da gari ba ya wayewa, a tsakaninsu kuma akwai siririn zobe inda jar rana ke tsaye a bakin sararin sama ba ta hawa ba ta sauka. A wannan zobe na sauke mutanena, gaba wuta baya ƙanƙara, da iska mai kaɗawa daga ɓangaren duhu ba hutawa. Sunan da hukuma ta ba wurin lamba ce kawai. Su kuwa suna kiransa Almuru.

Ban san irin kyautar da wannan zaɓi ya yi mini ba sai da na zo rubuta jimla mai sauƙi, cewa wani ya tashi da safe, na ga babu safiya a wurin. A 1962 wani Bafaranshe masanin kogo, Michel Siffre, ya zauna wata biyu a ƙarƙashin ƙasa ba agogo ba hasken rana, kuma da aka sanar da shi lokacin fita ya yi, lissafinsa ya gaza da fiye da mako uku. Mutumin da aka raba da dare da rana ba ya iya riƙe kwanakinsa, fursuna kuwa ba shi da wata dukiya da ta wuce ƙidayar kwanaki. Saboda haka agogon da aka sauko da shi daga jirgi ya zama abu mafi daraja a Almuru, mai kula da shi kuma ya fi mai rumbu ƙarfi, domin shi ke faɗin lokacin aiki da na barci, shi ke faɗin ranar da saƙo daga gida ya kamata ya iso. Na ƙirƙiri wani tsohon lauya cikin korarrun wanda ya kawo hujjar da na fi jin daɗin rubutawa a duk littafin: hukuncin ya ce shekara 7, bai ce shekarar wace duniya ba, shekarar Almuru kuwa kwana 11 ce da ɗoriya, don haka duk wanda ya yi kwana 78 a wurin ya gama biyan bashinsa. Taron ya amince da hujjar, aka ayyana kowa a matsayin ɗa mai 'yanci, kuma washegari, idan za a kira ta washegari, kowa ya koma bakin injin da ya bari.

Babin da ya fi ba ni wuya shi ne na iska, kuma sau biyar na sake rubuta shi. Iskar Almuru ba ta shaƙuwa, don haka suna zaune ne a rufaffun ɗakuna, tsirrai da injuna suna samar musu da oksijin, wadda baligi ke bukatar ƙasa kaɗan da kilo ɗaya a kowace rana. A nan na dogara da gwajin Biosphere 2 da aka yi a jihar Arizona ta Amurka, inda mutum takwas, maza huɗu mata huɗu, suka shiga wani katafaren gini na gilashi a watan Satumba na 1991 suka fito bayan shekara biyu. Oksijin ɗin ginin ya yi ta raguwa daga kashi 21 cikin ɗari har ya sauko kusan kashi 14, mutanen suna haki suna kasa barci, kuma an daɗe ba a gano inda iskar ke tafiya ba. Daga baya aka fahimci cewa ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasar noman mai yawan taki ne ke cinye ta, iskar kabon da suke fitarwa kuma kankaren ginin yana shanye ta, shi ya sa lissafin ya ƙi fita. Mutum takwas ɗin nan sun rabu gida biyu da ba sa ga maciji da juna, alhali dukansu masu ilimi ne da suka shiga da son ransu, kuma su suna da mafita, domin a farkon 1993 an tura musu oksijin daga waje. Mutanena ba su da waje. A daftarin farko na babin na sa wani mugu ne ke satar iskar, aka kama shi, hankali ya kwanta, kuma na san tun ina rubutawa cewa na sauƙaƙa wa kaina. A na ƙarshe babu ɓarawo. Bango ne ke shan iskar, amma kafin injiniyar ruwa ta gano haka taron ya riga ya yanke wa mutum uku hukuncin a fitar da su ƙofa, kuma waɗanda suka ɗaga hannu su ne mutanen da mai karatu ya fi ƙauna. Ranar da na gama wannan babi ban iya rubuta komai ba har mako ya zagayo.

Ta fuskar harshe, ƙa'ida ɗaya na bi: mutanen Almuru ba sa kiran kayan aikinsu da sunan da ke cikin littafin makaranta. Injin tace iska huhu suke ce masa, ɗakin agogo kuma zaure, kuma na bar mai karatu ya gane ma'anar daga yadda ake amfani da su, ba tare da na tsayar da labari ina ba da darasi ba. Shafi wajen 40 na bayanin kimiyya na cire a gyaran ƙarshe, duk da cewa su suka fi cin lokacina.

Wadda ta zama jarumar littafin ba ta cikin tsarina na farko ko na biyu. A tsakiyar daftari na uku na lura cewa shekara 20 sun wuce a Almuru, kuma ba zai yiwu a ce ba a haihu ba. Yarinyar da aka haifa a can ba ta yi wa kowa laifi ba, ba ta taɓa tsayawa gaban alƙali ba, amma hukuncin da ke kanta ya fi na iyayenta tsanani, domin su aƙalla suna da takarda mai ɗauke da ranar ƙarewa. Ba ta kuma ɗaukar wurin a matsayin kurkuku. Idan tsofaffi suna kukan shuɗin sama da ruwan damina, ita jar ranar nan da ba ta motsi ita ce abin da ta sani da suna gida. Na koma baya na sake rubuta littafin daga bakinta, na mai da ita almajirar mai kula da agogo, kuma a lokacin ne jigon ya tsaya da ƙafafunsa.

Ƙarshe iri uku na rubuta. A na farko jirgin masu 'yanci ya iso aka yi yaƙi, a na biyu bai iso ba sam, kuma dukansu sun yi mini kama da rufe ƙofa da ƙarfi don a huta. A na uku saƙo ne kawai ya iso, lokacin da yarinyar ce ke kan aiki a zaure: gwamnatin da ta kore su ta faɗi, sabuwar ta yi wa kowa afuwa, ga jerin sunaye 2,000, ga kuma sanarwar cewa jirgin masu 'yanci ya riga ya taso kuma ana sa ran a miƙa masa ɗakuna da injuna. Ta karanta jerin daga farko har ƙarshe. Fiye da rabin masu sunan suna cikin ramukan bayan gari, sunanta da na sauran waɗanda aka haifa a can kuwa babu ko ɗaya, domin babu rajistar da ta san da su. Littafin ya ƙare tana zaune gaban na'urar aika saƙo, ta san cewa duk abin da ta rubuta sai bayan shekara huɗu za a ji shi.

Wannan na kai wa Malam, kuma wannan karon wata guda ya riƙe shi. Ya gyara mini lissafi a wuri biyu, ɗaya a kan yawan tsirran da za su ciyar da mutum ɗaya, ɗaya a kan zafin gefen rana, sannan ya nuna mini sakin layi na ƙarshe, inda na rubuta amsar da yarinyar ta aika, ya ce, "Ɗana, wannan amsar taka ce, ba tata ba ce." Na karanta shi a gabansa sau biyu, na karɓi bironsa na soke layukan guda tara, kuma a haka rubutun ya tafi wurin edita.